Mma Barikisu da Kumburin Yaran Nima

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga watan Rajab na 1366, wato goma ga Yuni 1947, da hantsi, ana tsakiyar ruwan sama, Allah ya karɓi ran Barikisu 'yar Sajan Issifu a ɗakinta da ke gangaren Nima, daf da kwatar da ta raba mu da Maamobi. Aka yi mata sutura bayan la'asar, da ruwan ya tsagaita. Ba wanda ya riƙe shekarunta daidai, amma ɗiyarta Safia ta ce ba su kasa hamsin da biyar ba.

Ni Gariba ɗan Osumanu, mai makarantar allo a bayan masallacin mahauta, ni na yi mata salla. Ranar addu'ar uku aka ce in yi magana. Na miƙe, bakina ya ƙi buɗuwa, na koma na zauna. Abin da na kasa faɗa ran nan shi nake rubutawa yau, a karanta wa jama'a ranar arba'in. Kuma da ke nake magana, Mma Barikisu, domin ban iya faɗinsa ga kowa ba sai ke.

A Tudu aka haife ki, a layin tsofaffin soja. Mahaifinki yana cikin Hausawan da Turawa suka kawo Ankara da bindiga a kafaɗa, mahaifiyarki kuwa 'yar ƙabilar Ga ce mai ƙyafe kifi. Shi ya sa Hausarki ta fito irin ta Zango, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a bakinki, in rai ya ɓaci kuma ki zarce da yaren mahaifiyarki. Ni da fataucin goro ya kawo ni daga Katsina ina saurayi, na daɗe ina yi wa Hausar nan taki dariya a zuci. Mijinki ya tafi a annobar mura ta 1918, ya bar ki da Safia a goye. Kika yi tallan koko shekaru, daga baya aka ɗauke ki wanki a asibitin yara da ke cikin gari: zannuwan gado, kwanonin amai, da fo na fitsari da bayan gida. Ke ce mai kai fitsarin yara ɗakin gwaji kowace safiya, kuma ke ba mai ajiye abu ta juya ba ce, sai kin ga abin da za a yi da shi. Wani disfensa ɗan Fante ya lura da tsayuwar da kike yi a bakin ƙofa, ya riƙa nuna miki yana yi miki bayani. Shekara goma sha uku kina kallo. Da girgizar ƙasa ta 1939 ta tsaga ɗakinki, ƙafafu kuma sun fara gajiya, kika bar aikin kika kwaso kayanki zuwa Nima. A cikin kayan akwai 'yar fitilar sifirit da siraran kwalabe biyu na gilashi da disfensan ya ba ki na sallama.

Da babban yaƙi ya yi zafi, soja suka kafa sansani a gabas da mu, mutane suka kwararo Nima neman aikin kuku da gadi da wanki. Ɗaki guda ya ɗauki mutum takwas. Ba famfo, sai rijiya da ruwan kwata. A daminar 1943 ƙaswa ta game yara, suka yi ta susa har ta zama gyambo mai ruwa. Bayan mako biyu ko uku, gyambon ya fara bushewa, iyaye sun yi hamdala, sai yaro ya wayi gari fuska a kumbure, ido kamar an hura.

Wurina aka riƙa kawo su. Na ce iskar kwata ce ta buge su. Na yi ta rubutu ina wankewa a babbar ƙwarya, ina haɗawa da jiƙon saiwa da jar kanwa, yadda na ga ana yi wa mai kumburin ciki a gida, in ce a shanye sau uku a rana. Waɗansu yaran suka warke. Yanzu na san da kansu suka warke, ba don ni ba, amma a lokacin warkewarsu ta ƙara mini taurin kai.

Maƙwabcina Alidu direban soja ne. Kafin jirginsu ya tashi zuwa Bama, can fagen yaƙi a ƙetaren teku, ya zo zaurena ya kama hannuna ya ce, ga matarsa Mulikatu, ga 'yarsu Zelia, amana ce a wuyana. Zelia tana da shekara shida, tana kan Izaja'a a makarantata, ga surutu, ga son a yabe ta. Bai yi wata biyu da tafiya ba ta kumbura.

A rana ta biyu kika yi sallama a zaurena, kika durƙusa daga bakin ƙofa. Ina tare da baƙi, mahauta biyu. Kika ce: "Malam, yarinyan Alidu, na gan shi. Tun jiya fitsarinshi bai cika gwangwanin madara ba, kuma kamar baƙin shayi yake. Ƙoda ne ya toshe. Ruwan da kake ba shi ba inda zai fita. Don Allah ka tsai da kanwa."

Na dubi baƙina na ce, "Tun yaushe mai wankin fo ta zama likita?" Suka yi dariya.

Kika ce, "Gaskiya ne, Malam, fo na wanke. A ciki na gani." Kika tashi. Na ji daga baya kin je wurin Mulikatu kin roƙe ta ku kai yarinyar asibiti, ta ce mijinta a hannun Malam ya bar su, ba ta iya tsallake maganata.

A rana ta huɗu da safe ni da kaina na kai ƙwaryar. Idanun Zelia sun rufe ruf saboda kumburi, ba ta gani. Ta lalubo ƙwaryar da hannu biyu, ta yi ta sha tana yunƙurin amai tana komawa, don na gaya mata wanda ya rage ba ya samun albarka. Da ta gama ta ɗaga ƙwaryar sama, wajen da take jin muryata, ta ce, "Malam, na shanye duka." Kafin azahar ta fara ihu kanta zai fashe. Sai jijjiga. Ba ta kai la'asar ba.

Ke kika yi mata wanka. Da kika fito kika bi ta gabana kika ce, "Malam, sai haƙuri." Ba ki ƙara ko kalma ba, ba a ranar ba, ba kuma a shekara huɗun da suka biyo ba. Da kin so, da magana ɗaya a bakin rijiya ta isa ta watsa makarantata.

Tun daga ranar ban ƙara wanke allo hankalina kwance ba. Da rana tsaka, yara na karatu, in ɗayansu ya miƙo mini kofi babu komai a ciki, sai in ga hannaye biyun nan a kumbure suna ɗaga ƙwarya. Wani lokaci muryarta nake tsinta a cikin muryoyinsu, daidai inda take zama, kusa da randa. Na matsar da randar. Muryar ba ta matsa ba.

Kwana ashirin bayan haka 'yata Asana, mai shekara takwas, ta tashi da safe ta ce wa mahaifiyarta Memuna idonta ya yi nauyi. Na duba ƙafarta, ga tabon gyambo ya bushe. Na ɗauko tawada da alƙalami, na zauna, hannuna ya kasa. Sai na sa takalmi na gangara zuwa ɗakinki, a gaban duk matan da ke layin rijiya. Na tarar kina tankaɗe. Ban san yadda zan fara ba. Kika dube ni sau ɗaya, kika karkaɗe hannu, kika shiga kika ɗauko ƙunshinki, kika ce, "Mu je."

A tsakar gidana na fara ganin aikinki. Kika danna babban yatsa a ƙaurin Asana, kika ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Kika karɓi fitsarinta kika zuba a siririyar kwalba, kika kunna fitilar sifirit, kika riƙa gasa saman kwalbar kaɗai. Ina kallo saman ya yi fari ya ɗaure kamar farin ƙwai a ruwan zafi, ƙasan yana nan yadda yake. Kika ɗiga ruwan lemon tsami, kika ce in farin ya narke ba komai ba ne. Bai narke ba. Na tambaye ki yadda gyambon ƙafa, wanda ma ya riga ya warke, zai kai ga ƙoda. Kika ce: "Ba gyambon ne ya je ba. Jinin yaro ne ya tashi faɗa da shi, ya ci, amma bai huce ba, sai ya juya kan ƙoda nashi na kanshi. Haka dokta ya ce. Maganinshi ba a kwalba yake ba. Sai mu rage wa ƙoda kaya har faɗan ya lafa."

Kika kwantar da ita, kika hana ta ko zuwa bakin ƙofa. Kika kwashe gishiri da kanwa da busasshen kifin nan mai gishiri daga madafar Memuna kika kai gidanki, don kin ce uwa ba ta iya jure kukan ɗanta. Abincinta koko da sukari, sai farar shinkafa lami. Ruwa kuwa da awo: duk abin da ta fitsara jiya a gwangwanin madara, shi za ta sha yau, a ƙara mata gwangwani ɗaya. Asana ta yi kuka, ta kira ki mayya, ta roƙe ni in kore ki. Kika zauna a gefenta kina jiƙa tsumma kina goga mata a leɓe.

Akwai abin da ban taɓa gode miki a kansa ba. A rana ta uku kika same ni zaune da allo a cinya, na kasa rubutawa, na kasa ajiyewa. Kika ce, "Rubuta, Malam. Allah ne mai warkarwa, ba ni ba. Amma ka wanke da cokali biyu, daga cikin ruwanshi na yau." Na ci mutuncinki a gaban maza, ke kuwa kika rufa mini nawa a cikin gidana.

A rana ta bakwai Asana ta cika gwangwani uku kafin azahar. Memuna ta fito da shi a hannu tana kuka tana dariya. Fuska ta saɓe, ido ya buɗe. Duk da haka ba ki bar ta ta tashi ba, kowace Litinin kina zuwa da fitilarki, har sati na shida da kwalbar ta fito garau. Yau Asana tana da shekara goma sha biyu, ta yi saukar Alƙur'ani bara.

Juma'ar da ta biyo na tashi bayan salla na ce duk mai yaro da ya kumbura ya kai shi wurin Mma Barikisu, kada a ba shi gishiri, kada a ba shi kanwa. Ban faɗi dalilina ba. Ke kuma kika shiga bin gidaje da sabulu da man farar wuta, kina sa a tafasa tufafin yara a shanya tabarmi a rana, kina shafa wani shuɗin magani a kan gyambo, har yaran Nima suka yi ta yawo da ƙafafu shuɗɗa. Kin ce wanda ya tare ƙaswa ya tare kumburi. Daminar da ta biyo ba mu binne ko rabin na bara ba.

Wa'azin nawa ma ya so ya yi ɓarna. Matar wani maigadi daga Maamobi ta ji shi, ta hana ɗanta komai sai ruwan koko, yana ta ƙara kumbura. Da kika gasa fitsarinsa ya fito tas. Kika duba gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kika ce wannan ciwon yaye ne, wanda dangin mahaifiyarki ke kira kwashiyoko, yunwa ce, a ba shi kifi da ƙwai da madara. Daga can kika biyo ta zaurena, wannan karon ba ki durƙusa ba. Kika ce, "Malam, kumburi ba ɗaya ba ne. Kar ka ƙara wa'azin abin da ba ka dafa ba." Na ce na ji.

Akwai kumburi na uku, wanda kike tsoro. Fitsari ba ya ja, sai kumfa kamar an kaɗa sabulu, jiki ya cika har ciki, ya saɓe ya dawo, ya saɓe ya dawo. Irin wannan ba kya ɓata lokaci. Ki ce ya fi ƙarfinki, ki goya yaron da kanki, ki hau lori zuwa Adabraka, ki ƙarasa asibiti da ƙafa. Yawancinsu ba su yi tsawon rai ba. Kin riƙe sunayensu duka, kuma kowane watan azumi kina zuwa ki karanto mini su ɗaya bayan ɗaya in yi musu addu'a. Na Zelia kaɗai ba kya faɗa. Kin san ba sai an tuna mini ba.

Alidu ya dawo daga Bama a farkon 1946, ya rame, da 'yar jakar alawa da ya sayo wa yarinyar da wasiƙa ta riga ta gaya masa ba ta nan. Ya zo ya yi mini godiya a kan ɗawainiyar da na yi. Na kwana uku ban iya cin abinci ba, sannan na zo wurinki na ce zan gaya masa ni na kashe ta. Kika ce: "Ni ban san haka ba, kai ma ba ka sani ba. A asibiti ma na ga waɗanda aka yi wa komai daidai suka tafi. Gaya mishi abin da ka yi. Abin da Allah kaɗai ya sani, bar ma Allah." Na je na same shi yana wanke lorinsa, na gaya masa zuwanki, da abin da na ce miki, da ƙwaryar. Ya saurara har na gama, tsumma a hannunsa yana ɗiga. Ya tambaye ni abu ɗaya, ko ta sha wuya. Na ce ta sha. Ya juya ya ci gaba da wankinsa. Har yau yana amsa gaisuwata, amma ya koma salla masallacin Maamobi, kuma ban ga laifinsa ba. Da izininsa da na Mulikatu nake rubuta wannan.

Bayan babbar sallar bara na lura kin cire awarwaronki, kin koma sa takalmin Safia da ya fi naki girma. Wata safiya kika aiko a kira ni. Na tarar kin kunna fitila, kwalba a hannunki, fari ya ɗaure tun daga sama har ƙasa, irin wanda ban taɓa gani ba. Na ce ɗan wane ne wannan, Allah sarki. Kika ce, "Ɗan Sajan Issifu ne." Kika ce kin fi shekara biyu da sani. Safia ta kai ki babban asibiti, suka riƙe ki sati uku, suka auna jini suka ce ya hau ƙwarai, suka ce irin faɗan nan ne na jini da ƙoda, amma mai ci a hankali, ya riga ya cinye su biyun. Sabuwar allurar da soja suka zo da ita tana kashe gyambo, ba ta tada ƙodar da ta mutu. Likitan bai ɓoye miki ba, ke ma ba ki ɓoye mana ba. Kika ce a mai da ke Nima.

Wata biyar kika yi kina bin dokar da kika ɗora wa yara, ba gishiri, ruwa da awo, ba tare da kin yarda za ta tashe ki ba. Kin ce ba za ki hana yaro abin da ke kin kasa haƙura da shi ba. Gani ya dushe, amai ya tsananta, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Duk da haka mata ba su daina zuwa ba. Safia ke riƙe kwalbar tana gaya miki abin da ta gani, ke kuma kina laluben ƙaurin yaro da yatsa kina yi mata faɗa in ta gasa ƙasan kwalba maimakon sama. A makon ƙarshe barci ya rinjaye ki. Ranar Litinin da yamma kika farka kika gane muryata, kika ce in yafe miki faɗan da kika yi mini a kan yaron maigadi, wai bai kamata mace ta tsaya a kan malami ba. Ni kika nemi gafara. Na buɗe baki in nemi tawa, na tarar barci ya sake ɗauke ki. Ba ki ƙara farkawa ba.

To ga shi ina nema yanzu, a gaban duk wanda zai ji wannan takarda. Na wulaƙanta ki a kan gaskiya, don kawai ta fito daga bakin mace mai wanki. Ki yafe mini, Mma Barikisu, in ana yafewa daga inda kike.

Washegarin jana'izarki wata mata ta zo daga wajen Kanda da yarinya a goye, fuska a kumbure, ba ta ji labari ba. Ta tsaya a tsakiyar masu zaman makoki tana tambaya ina tsohuwar. Safia ta tashi daga cikin mata, ido jawur, ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin. Iska ta kashe mata ashana sau biyu. Na tashi na tsuguna na kare fitilar da babbar rigata har ta kama. Yarinyar tana kwance a ɗakinki yanzu, a kan gadonki, jiya ta cika gwangwani biyu.

Ya Allah, ga baiwarka Barikisu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ta hana yara ruwa don su rayu, ta hana kanta don kada ta zama mai faɗin abin da ba ta yi. Ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sha wanda babu awo a cikinsa, babu ƙishi a bayansa. Ka haɗa ta da mijinta da iyayenta, da yaran da ta goya zuwa asibiti ba su dawo ba. Ka jiƙan Zelia 'yar Alidu, ka sanyaya zuciyar iyayenta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Safia da mijinta Malam Zuberu da 'ya'yansu, ga dangin Sajan Issifu na Tudu, ga dangin mahaifiyarta na bakin teku, da dukan matan Nima da Maamobi da suka taɓa tsayawa a ƙofarta da yaro a baya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Gariba ɗan Osumanu
Nima, Ankara